Lokacin da Muke Haɗa Sauti da Ƙafa

Bana na miƙa wa yaran da na koyar makullin situdiyo. Kunnen hagu ya fara yi mini gardama, kuma mai haɗa sauti da ya daina jin kaifin sarewa gara ya tashi da kansa kafin a tashe shi. Wannan bai dame ni ba, kowa da lokacinsa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda 'yan bana-bakwai suke ba da tarihin sana'ar, sai ka rantse ranar da laftof ya shigo Kano aka fara ɗaukar waƙa a ɗaki. Akwai wanda ya tambaye ni, kuma tsakaninsa da Allah yake yi, wai wace manhaja muke aiki da ita a zamanin kaset. Tunda masu ba da amsar suna ta ƙarewa, bari in faɗi tawa.

Turmin Danya ne ya buɗe ƙofar fim ɗin bidiyo a 1990, amma fiyano ne ya haifi situdiyon soro. A tsakiyar shekarun 1990 Yamaha ƙirar PSR ta fara shiga hannun masu kiɗan fim, situdiyon Iyan-Tama na cikin na gaba-gaba, sai ga mutum ɗaya da yatsu goma yana fitar da abin da a da sai an tara makaɗa. Da fim ɗin Sangaya ya fito a gaɓar shiga 2000, waƙarsa ta mamaye gidajen biki, magana ta ƙare. Ɗan kasuwa a Ƙofar Wambai kafin ya ji labarin fim sai ya ji waƙa nawa ce a ciki. Manyan situdiyon 'yan ƙalilan ne, ba za su iya da cunkoson ba. Sai duk mai ɗan jari ya share soron gidansu ko ya kama shago, ya jingina katifu a bango, ya rataya bargo a ƙofa. Mu ke nan.

A soron maigidana, cikin birni, dukiyarmu ba ta wuce fiyano ɗaya, makirufo biyu da Tascam Portastudio mai layi huɗu ba. Injin nan tun 1979 aka fara yin irinsa, mu kuwa na hannu ne ya iso mana. Kaset ɗin kasuwa yake ci, amma yana cinye faɗin zaren gaba ɗaya ta fuska ɗaya, ba a juya shi, kuma yana gudu ninki biyu. Kaset mai minti 60 minti 15 kacal yake ba ka. Ga shi sai mai tsada, irin su TDK SA. Saboda haka babu zancen "bari mu sake gwadawa mu gani". Duk sakewa kuɗi ce, kuma zare yana gajiya.

Maigidan nawa, Allah ya jiƙansa da rahama, ba ɗan fim ba ne. Tsohon injiniyan gidan rediyo ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yawon ƙauyuka da rikodar Uher a kafaɗa, yana ɗauko makaɗan fada da na noma da na dambe da makirufo ɗaya tal, in ya dawo ya yanka zare da reza ya liƙe. Waƙoƙin fim ba su taɓa burge shi ba. "Nanayenku," haka yake ce musu. Amma in ya zauna a kansu sai ka ɗauka waƙar sarki aka ba shi.

Abu na farko da ya hana ni shi ne taɓa mikisa. Ya ce maɓallan nan na gyaran ɓarna ne, wanda ya iya aiki ba ya barin ɓarnar ta shiga. Kafin ya danna jan maɓalli yakan ɗauki dogon lokaci yana jera mutane, da alli a hannunsa yana zana wa kowa wurin tsayuwa a daɓe. Jagora taƙi ɗaya daga makirufo. 'Yan amshi a bayansa, sun yi rabin zobe. Sai ya sa su yi baiti ɗaya, ya runtse ido, ya fara: "Hajiya, ja baya taku ɗaya. Ke 'yar nan, muryarki allura ce, juya kafaɗarki, kada ki fuskance shi kai tsaye. Kai mai kauri, matso." Daga baya na karanta a littafi cewa duk lokacin da ka ninka tazarar mutum da makirufo, ƙarfin sautinsa yana raguwa da kusan desibel 6. Shi bai taɓa ambata lissafin ba, a kunnensa yake. Jagora kuma an koya masa in zai ɗaga murya ya ja kansa baya da kansa, in zai yi ƙasa-ƙasa ya sunkuyo. Aikin da kwamfiresa ke yi yau, wuyan mawaƙi ne yake yi.

Wannan ce sana'ar da ta ɓace, kuma a kan amshi na fi jin zafin ɓacewarta. Waƙar Hausa jagora ce da amshi, tun daga dandali har fada. Abin da ke sa kunne ya yarda taro ne yake amsawa shi ne maƙogwaro huɗu ko biyar da ba su yi daidai ba: wata ta ɗan riga, wata ta ɗan makara, kowa da inda yake jan numfashi. Yau yarinya ɗaya ake kira ta yi amshi sau ɗaya, a kwafa shi a layi takwas, a watsa wasu dama wasu hagu, sannan a liƙa shi a duk inda amshin ya faɗo har ƙarshen waƙa. Kwafin murya ɗaya ba ya ƙara kauri, ƙara kawai yake ƙarawa. In kuma an ɗan goce da shi don a yaudari kunne, da zarar ya shiga lasifikar waya guda ɗaya sai kwafin su riƙa cin junansu, amshin ya fito fanko. Ga kuma amshi na shida iri ɗaya sak da na farko. A da amshi zafi yake ƙarawa yayin da waƙa ke tafiya, domin masu yin sa suna jin abin da jagora ya faɗa yanzun nan, suna amsa masa.

Layi huɗu kuwa ba ya isar waƙar fim, sai da dabara. Kiɗan fiyano a layi na ɗaya, sarewa ko kalangu a na biyu, wani ɗan ado a na uku. Sai a haɗe ukun a zuba su a na huɗu, a goge na farkon, a samu gurbin muryar namiji, ta mace, da amshi. Haɗewar nan kamar zuba gishiri a miya ce, in ya shiga ba ya fita. Dole ka yanke hukuncin yadda ganga za ta zauna a ƙarƙashin muryar da ba a ma ɗora ba tukuna. Kuma duk haɗewa tana dushe kaifin sauti, tana ƙara shuuu ɗin zare, don haka tun kafin a haɗe ake ɗan ƙara kaifi, a rage bes, don an san abin da zaren zai ci. Maigida yakan sa mawaƙin ya tsaya a gefensa yana rera waƙar a baki yayin da yake haɗewa, don ya bar wa muryar wurinta.

Maganar kalangu ta tuna mini wani tsoho. A shekarar da Shata ya rasu ne, 1999, wani furodusa ya ce shi kalangun gaske yake so a waƙarsa, ba na fiyano ba, ya ɗauko mana wani dattijo da ya yi shekaru yana bin mawaƙan gargajiya. Muka sa masa hedfon, muka sakar masa kiɗan. Ya ɗan buga, ya tsaya, ya cire abin daga kansa ya ajiye a tabarma. Ya ce, "Malam, wannan makaɗin naku kurma ne. Ni ina jin sa, shi ba ya ji na." Furodusa ya fara duba agogo. Maigida bai ce uffan ba, ya kashe gangar fiyanon, ya zaunar da mawaƙin gaban tsohon, gwiwa da gwiwa, ya ɗauke su tare. Kalangu magana yake bi. In kalma ta hau sai a matse tsirkiya ya hau, in ta sauka a saki, in mawaƙi ya ja baiti shi ma ya jira shi. Bayan sun tafi aka sa mai fiyano ya bi su da hannu, ba tare da gangar inji ba. Ya kwana yana tsaki, amma waƙar tana numfashi. Daga ranar, in aikin sha'irai masu mandiri ya zo, haka muke yi musu.

Da dare muke yawancin aiki, bayan isha, lokacin da babura suka ragu. Janareta yana can ƙarshen lungu da doguwar waya don kada gurnaninsa ya shiga. Fanka a kashe, ko da a watan Afrilu ne, mawaƙi yana waƙa gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Da ladan ya taɓa lasifika a yi shiru, a tafi masallaci. In an gama haɗawa kuma ba a yarda da lasifikar situdiyo ba. Maigida yakan ba ni kaset in kai wa mai shayin bakin titi ya sa a rediyonsa, ni kuma in tsallaka titi in tsaya. In na dawo tambayarsa ɗaya ce: "Ka ji baitin?" Bai taɓa tambayata ko kiɗan ya yi daɗi ba. Ya san Bahaushe magana yake saurare a waƙa, in bai ji abin da aka ce ba to ba a yi waƙa ba. Ya kuma san kaset ɗin zai bi ta injin kwafi mai gudu a kasuwa, a kwafa daga kwafi, don haka muryar sai ta fito da ƙarfinta tun daga gida.

Kwamfuta ta shigo mana a farkon shekarun 2000, kuma ba zan yi ƙarya in ce mun ƙi ta ba. Cool Edit Pro ya ba mu layi 64, daga baya 128, mu da muka saba da huɗu. Adobe ta saye shi a 2003 ya koma Audition, a shekarar kuma FruityLoops ya koma FL Studio, ga Cubase. Shuuu ya tafi, reza ta huta, mawaƙi ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya a gyara kalmar kaɗai. Amma da ikon gyara komai daga baya sai aka daina gyara komai tun farko. Yaro ya ɗauki murya a ɗakin da ke amsa kuwwa, ya ce zai tace. Ya cika layi har ya yi ja, ya manta zare in ya ƙoshi murmushi yake yi, kwamfuta kuwa tsagewa take yi. Ya zura wa allo ido yana kallon zanen sauti, ya ce ya yi kyau. An ce gani ya kori ji, amma ba a ɗakin haɗa sauti ba.

Auto-Tune ma ba ni da faɗa da shi. Tun 1997 yake, kuma salon nan na muryar ƙarfe ya zama ado da masu saurare suke so. Faɗana da wanda ba ya saita shi. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sautuka biyar yake tafiya, sai yaro ya bar manhajar a buɗe tana fizgar murya zuwa sautin da mawaƙin bai nufa ba, ya kuma ƙure saurinta har lanƙwasar da ke tsakanin hawa da sauka ta kakkarye. Ya bi da eko mai yawa, ya danne da bes ɗin da a hedfon kawai ake jin sa. A wayar da mutane za su saurara bes ɗin ba ya fitowa, kalmomin kuma sun nutse.

Gaskiya ɗaya ce, yaran nan sun samu abin da mu ba mu samu ba. Mawaƙi yau ba ya jiran furodusa ko ɗan kasuwa. Yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta zaga duniya ta waya a 2020, a zamaninmu ko a mafarki. Cikin yaran da ke haɗa sauti yau akwai masu kunne na gaske, kuma sun iya sa a rubuta sunansu, har su faɗe shi a farkon kiɗa. Mu sau ɗaya ake biyanmu, wani lokacin ma rabi, a ce sauran sai fim ya fita. Fim ya fita, waƙar da muka kwana a kanta ta sayar da shi, jarumin da ya yi mamin ya yi suna, mawaƙin ya samu ɗan abin da ya samu, wanda ya haɗa sautin kuwa ko a bayan kwali ba a cika tunawa da shi ba. Maigidana ya rasu babu wanda ya san waƙoƙin da suka bi ta hannunsa sai mu da muka riƙe masa waya.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne asalin aikin yana lalacewa. Da yawa mu da kanmu muka goge muka ɗora wata waƙar a kai, saboda tsadar kaset. Waɗanda suka tsira suna cikin kwalaye a ɗakunan ajiya, zafi da damina suna cin su. In magada suka sa irin wannan kaset a rediyon gida, layi biyu kawai za su ji, a rabin gudu, murya tana ja kamar batir ya mutu. In suka juya shi su ji sauran biyun suna tafiya da baya. Sai su ce ya lalace, su ba yara wasa. Bai lalace ba. A ciki ne kaɗai ake iya jin muryar mawaƙi ita kaɗai, da amshi shi kaɗai, kafin a haɗe su. Duk wanda mahaifinsa ko yayansa ya taɓa riƙe situdiyo a Kano ko Kaduna ko Jos, ya duba kwalayen nan. Ya nemi mai Portastudio da ke aiki tun ana samun masu gyaran ta, a juye layukan huɗu daban-daban a kwamfuta, a rubuta sunan waƙar, da na waɗanda suka yi amshi, da na wanda ya jera su.