Cutar Wilson: Yadda Jan Ƙarfe Ke Taruwa a Jikin Mutum

Yau tarihin wata cuta na kawo muku, wadda likitoci suka yi shekara kusan 40 suna iya gane ta amma ba su da abin da za su ba mai ita.

Jan ƙarfen nan da ake wayar lantarki da shi, akwai ɗan kaɗan nasa a abincinmu, irin su hanta da gyaɗa da wake. Jiki yana ɗaukar abin da yake buƙata, hanta ta fitar da ragowar ta ruwan matsarmama. To, wasu ana haihuwarsu hantarsu ba ta iya wannan aikin. Sai ƙarfen ya yi ta taruwa a hanta, daga baya ya kai ƙwaƙwalwa da ido.

A 1902 da 1903 wasu likitocin ido biyu a Jamus, Kayser da Fleischer, suka ba da labarin wani zobe mai ruwan ƙasa da ke kewaye baƙin idon wasu marasa lafiya. A 1912 kuma wani matashin likita a Landan, Samuel Kinnier Wilson, ya wallafa bincikensa kan matasa masu makyarkyata, jiki ya sandare, magana ta sarƙe, yawu na zuba. Da aka duba gawarwakinsu, sai ga hanta a lalace. Shi ya haɗa ciwon ƙwaƙwalwar da na hantar, shi ya sa cutar ta ci sunansa. Amma a lokacin, duk wanda ta kama ba ya tashi.

Sai a 1948 John Cumings ya tabbatar jan ƙarfe ne ke cunkushe a hanta da ƙwaƙwalwarsu. Maganin farko, a 1951, daga yaƙi ya fito: BAL, wanda Ingila ta haɗa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a matsayin makarin iskar guba. Yana aiki, sai dai allura ce mai azabar zafi.

Nan ne wurin da ya fi burge ni. Wani likita ɗan Ingila, John Walshe, ya taɓa lura da wani sinadari a fitsarin mutanen da aka ba fenisilin. Da ya ga mai cutar Wilson a Boston ta Amurka, sai ya yi tunanin sinadarin zai iya kama jan ƙarfe ya fitar da shi ta fitsari. Kafin ya ba kowa, shi ya fara sha da kansa. A 1956 ya wallafa sakamakon, aka samu ƙwayar fenisilamin. A 1993 kuma aka gano ƙwayar gadon da ke da matsalar, ATP7B.

Gadon nata irin na sikila ne: sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar, sannan kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu. Ana ƙiyasin tana kama mutum ɗaya cikin 30,000, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwarta.

Yau matsalar ita ce gane ta da wuri. Matashi ya yi shawara, hannu ya fara rawa, hali ya canza, sai a ce taɓin hankali ne ko iskokai, a yi ta yawo da shi. Alhali duba ido da gwajin jini da na fitsari suna iya nuna ta, kuma wanda ya fara magani da wuri, bai yanke ba, yana iya rayuwa kamar kowa. In an same ta a mutum ɗaya, a gwada yayye da ƙannensa ko da lafiyarsu lau.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba.