Daga Bakin Ƙofa Zuwa Tsakar Gida: Tarihin Koya wa Kwikwiyo Inda Zai Yi Kashi

Ka samu tsohon mafarauci a Gwaram ko ƙauyukan Birnin Kudu, ka tambaye shi yadda ake koya wa kwikwiyo inda zai yi kashi, wataƙila dariya zai yi maka. Zai iya raba dare yana ba ka labarin yadda ƙaramin kare yake bin manya daji da rani har ya iya bin sawun zomo da gafiya. Amma kashi? Ai kare shi yake nemar wa kansa waje. Kuma gaskiyarsa. Sai dai jikansa, wanda ya gina gidan bulo, ya sa ƙofar ƙarfe, ya sayo kwikwiyo don gadi, shi ba abin dariya ba ne a wajensa, domin kullum safiya sai matarsa ta kwashe ƙazanta a inda yara suke rarrafe. Me ya canja tsakanin kaka da jika?

Zaman mutum da dabba a wannan yanki ya daɗe. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude da ke Birnin Kudu akwai zanen mutanen da a jikin dutse, wanda Bernard Fagg ya yi rubutu a kansa a shekarun 1950. Shanu ne suka mamaye zanen, irin marasa tozo, ba kamar na Fulanin yau ba. Irin wannan zanen dutse akwai shi a Shuwaymis da Jubbah a Saudiyya, kuma a can an zana karnuka kewaye da maharba, wasu da igiya ɗaure zuwa ƙugun mai baka. Masu bincike sun kiyasta shekarunsa sun kai 8,000. Wato horar da kare tsohon abu ne, amma horon aiki ne: farauta, kiwo, gadi. Duk a waje ake yin su.

Da Musulunci ya kafu a ƙasar Hausa, fiƙihu ya tabbatar wa kare wannan matsayi. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta abin da horarren kare ya kamo, malamai kuma suka yi ta tattauna alamar horo: in an tura shi ya tafi, in an tsawatar ya tsaya. Wasu mazhabobi suka ƙara da cewa kada ya ci abin da ya kama, Malikiyya ba ta sa wannan sharaɗi ba. Hadisi ya ba da izinin kare don farauta, kiwo da gona. A Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma fitsarinsa da kashinsa najasa ne, ga kuma ƙin shigar da shi cikin gida. Littattafan sharhi sun ruwaito cewa Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, mai Risalar nan da ake karantawa a zauruka, wanda ya rasu a 996, ya ajiye kare bayan katangarsa ta faɗi. Da aka ce masa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki ma zai ajiye. Tsoron ɓarawo dai ya riga mu.

To, a gidan gargajiya mai dangar kara, kare yana kwana bakin zaure ko gindin rumbu, ya fita ta kafar danga, ya nufi juji ko bayan gari. Babu wanda ya koya masa. Kimiyya ta bayyana dalili: a makonni biyu zuwa uku na farko kwikwiyo ba ya iya fitsari ko kashi da kansa, sai uwar ta lashe shi. Daga kusan mako uku sai ya fara rarrafawa ya bar makwanci in ya matsu. Wajen mako takwas zuwa tara ya soma sabawa da irin ƙasar da yake yi a kai, yashi ne, ciyawa ce ko siminti, kuma wari yana mai da shi inda ya taɓa yi. Fili kawai yake bukata.

Matsalar ta taso ne inda aka shigar da kare ɗaki. A Ingila ta ƙarni na 19, masu hali a birane suka mai da kare ɗan gida. An yi gasar nunin karnuka a Newcastle a 1859, aka kafa Kennel Club a 1873. Kare da ke kan darduma ba shi da kafar danga, dole a koya masa. Dabarar da ta yaɗu kuwa ita ce duka da goga masa hanci a ƙazantar, abin da har yau ake gani a garuruwanmu.

Bincike ne ya rushe wannan dabara a hankali. A 1910 Konrad Most, mai horar da karnukan 'yan sanda a Jamus, ya fitar da littafinsa. Mutum ne mai tsanani, amma ya gane cewa kare yana haɗa sakamako ne da abin da yake yi a daidai lokacin. B. F. Skinner a Amurka ya nuna a 1951 yadda lada nan take yake gina ɗabi'a. Ka dawo kasuwa ka tarar da kashin da aka yi tun hantsi, ka ɗauki bulala: abin da kwikwiyo ya koya shi ne dawowarka bala'i ce, ko kuma ya riƙa ɓuya bayan randa in zai yi. Sai aikin John Paul Scott da John Fuller a Bar Harbor, wanda suka buga a 1965, ya nuna cewa tsakanin mako 3 da 12 ne kwikwiyo yake sabawa da mutane. Wani gwaji a 1961 ya nuna waɗanda ba su yi hulɗa da mutum ba har mako 14 sun zama kamar na daji. Icce tun yana ɗanye, in ji Bahaushe. Wanda aka kulle a keji ko aka ɗaure da gajeriyar sarƙa a waɗannan makonni, ana cewa wai don ya yi zafi, an yi asara biyu: ya saba kwana cikin ƙazantarsa, ya kuma tashi yana tsoron mutane, kare matsoraci kuwa shi ne mai saurin cizo.

Abin ya wuce ƙyama. Akwai tsutsar ciki, Toxocara canis, da kwikwiyo yake ɗauka tun yana cikin uwa. Ƙwayayenta suna fita a kashi, su nuna a ƙasa cikin mako biyu zuwa huɗu, kuma a wuri mai laima da inuwa suna iya yin watanni. A 1950 Helenor Wilder ta duba idanun yara da aka cire bisa zaton ciwon daji, ta tarar da 'ya'yan tsutsa a ciki. A 1952 Paul Beaver da abokansa suka gano Toxocara a hantar yara. Ka tuna a tsakar gida ake shanya gari, a nan yaro yake cin ƙasa. Kashin da aka kwashe a ranar bai kai ga zama haɗari ba, wanda aka bari ya bi ƙasa shi ne matsala.

Abin yi ga mai gidan bulo shi ne ya mayar wa kwikwiyo kafar dangar da katanga ta toshe. Ware lungu ɗaya mai yashi, nesa da rijiya da madafi da wajen alwala. A kai shi can da ya farka, bayan ya ci, bayan wasa. In ya yi, a ba shi ɗan abin taɓawa nan take. Masu horo suna lissafin kusan awa ɗaya ga kowane watan haihuwa, wato ɗan wata biyu ba zai iya riƙe fitsari daga azahar zuwa magariba ba, kuma mafi yawa sai sun kai wata huɗu zuwa shida suke daidaita. Maganin tsutsa ana fara shi tun mako biyu. A wata uku kuma a kai shi wajen likitan dabbobi a yi masa allurar haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta tana kashe mutum 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara 15.