Makulli Biyu a WhatsApp: Mene Ne, Kuma Yaya Ake Sa Shi?

Tabbatarwa mai mataki biyu ƙarin makulli ne da WhatsApp ya kawo a 2017. A da, lambar da ake turowa ta tes kaɗai ke buɗe akawun. Idan ka kunna wannan tsari, duk mai son ɗora layinka a wata waya sai ya kuma sa fin mai lamba 6 da kai ka zaɓa.

Mu 'yan kara, daga Oko-Oba a Agege har Lokpanta, hoton sa da lambar banki duk ta WhatsApp muke turawa. Ɗan damfara kan bugo ya ce zai sa ka a guruf ɗin 'yan kasuwa, ka karanto masa lambar da ta shigo. Kana ba shi, ya ƙwace akawun, ya shiga karɓar kuɗin abokan cinikinka da sunanka. In akwai fin, nan zai cije.

Ga yadda nake sa wa dattawanmu: a shiga Settings, sai Account, sai Two-step verification. Ban da ranar haihuwa ko 123456. A haɗa da imel, don wanda ya manta fin babu imel sai ya jira kwana 7. Lambar tes da fin kuwa, ko wa ya tambaya, kar a bayar.