Mai Suna da Mai Alƙalami: Tarihin Littattafan 'Yan Mata

Tun daga 1933, lokacin da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya gasar da ta haifi Ruwan Bagaja da Ganɗoki, ƙagaggun labarai na Hausa suka daɗe a hannun maza. Sai a 1980 kamfanin NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, inda budurwa ce ke jan labarin. A 1990 Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Wa Zai Auri Jahila?, labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi mata auren dole, daga baya ta nemi ilmi har ta zama abin dogaro ga danginta.

Irin waɗannan littattafai ba su tsaya a birni ba. Daga Kano su kan bi 'yan kasuwa zuwa Ɗambatta da Bichi da ƙauyukan da ke kewaye, yara 'yan talla su shigar da su gidajen kulle. Wadda ta iya boko ta karanta, sauran su saurara. Da kasuwarsu ta buɗe sai gardama ta tashi, aka yi ta faɗin cewa wasu maza suna fakewa da sunayen mata. Wannan zato kuwa ya shafi har matan da suka yi aikinsu da guminsu.

Abin lura shi ne, an yi makamancin haka a Amurka, amma ta wata fuskar. A 1930 Edward Stratemeyer ya ƙago Nancy Drew, yarinya mai binciken asirin masu laifi. Sunan da ke bangon littattafan, watau Carolyn Keene, ba na kowa ba ne. Mildred Wirt Benson ce ta rubuta 23 daga cikin 30 na farko, a kan biya ta ladan kowane littafi sau ɗaya, bisa sharaɗin ba za ta bayyana kanta ba. Sai a wata shari'a ta 1980 aikinta ya fito fili. Can an ɓoye mace a bayan sunan aro, nan kuwa an yi shakkar mace da sunanta na yanka.

To, me ya sa labaran nan ba su mutuwa? Dalili ɗaya ne. Yarinya mai karatu tana ganin wata kamarta wadda manya suka raina, amma hankalinta ya warware abin da ya gagare su.

Saboda haka akwai aiki a gaban malamai. Da yawa daga littattafan Kano an buga su ne a takarda marar ƙwari, wasu ba ko shekara a jikinsu. In ba a tattara su ba, aka kuma tabbatar da masu su tun suna da rai, za a wayi gari labari na nan, mai alƙalami ya ɓace.