Yadda Ake Auna Ingancin Aiki a Sashen Wankin Ƙoda

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ke kan titin Zariya daura da Gyadi-Gyadi a ƙaramar hukumar Tarauni, yana karɓar masu ciwon ƙoda daga ƙauyukan jiharmu da jihohin maƙwabta. A nan ne aka yi dashen ƙoda na farko a Kano a shekarar 2002. Amma mafi yawan majinyata da wankin ƙoda suka dogara, don haka ya kamata mu san yadda ake gane ko sashen wanki, a nan ko a wani asibiti, yana aikinsa yadda ya dace.

Sau da yawa mukan ji ana alfahari da yawan na'urori ko yawan wankin da aka yi a shekara. Wannan lissafi bai wadatar ba. Ƙa'idar likitoci ita ce a yi wa wanda ƙodarsa ta daina aiki wanki sau 3 a mako, kowane zama kimanin awa 4. Manomin da ya sayar da akuyarsa aka yi masa wanki ɗaya, sannan kuɗi ya yanke ya koma gida, ya shiga lissafin shekara, amma bai sami magani ba. Saboda haka tambaya ta farko da muke son jami'an ƙananan hukumomi su riƙa yi ita ce: cikin waɗanda suka fara wanki, mutum nawa ne ke zuwa bayan wata 3, nawa kuma bayan shekara guda? A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki a wasu asibitocinta daga naira 50,000 zuwa 12,000, kuma da wannan tambaya za a gane amfanin ragin.

Sai gwajin jini. Ana ɗibar jini kafin wanki da bayansa, ana kuma son dattin da ake kira yuriya ya ragu da aƙalla kashi 65 cikin 100. Ana duba ƙarancin jini da hawan jini akai-akai.

Ruwa ma abin aunawa ne, domin zama ɗaya yana cin kimanin lita 120 na tataccen ruwa, kuma tilas a riƙa gwada tsabtarsa. Haka nan a ƙirga masu amfani da robar da ake zurawa a wuya ko cinya, domin ta fi jawo ƙwayoyin cuta a kan jijiyar hannu da likita ya haɗa ta hanyar tiyata. Masu ciwon hanta nau'in B kuwa na'urarsu daban ake ware musu, kuma dangin majinyaci suna da damar tambaya ko ana yin hakan.