Gautan Kura na Dajin Rugu da Darasin Tumatirin Daji

Tumatir baƙo ne a ƙasar Hausa. Asalinsa yammacin Amurka ta Kudu ne, inda har yanzu danginsa na daji suke tsirowa a Peru da Ekwado. Ɗaya daga cikinsu, wato Solanum pimpinellifolium, mai 'ya'ya ƙanana kamar gujiya, shi masana aikin gona na Amurka suka haɗa da tumatirin lambu, har a shekarar 1941 suka fitar da irin Pan America mai jure cutar yanƙwanewa.

Wannan tarihi ya shafi Batsari da Safana, inda Dajin Rugu yake. A dazuzzukan ƙasar Hausa akwai gautan kura, ɗan'uwan gauta da tumatir, wanda Dalziel ya rubuta sunansa cikin ƙamusunsa na tsirrai a 1916. Manomi yana nome shi saboda ƙaya da ɗaci, alhali juriyarsa ga fari ta sa masana a Valencia ta ƙasar Sifen suka haɗa shi da gautan Turawa.

Saboda haka, duk inda aka share daji ba tare da an adana irinsa ba, an zubar da gadon da jikoki za su nema.