Cacar ƙwallo: abin da ke jan matasa, da yadda take zama ciwo

A kowace fada ta Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, in dai ana wasan Ingila ko na Spaniya, za mu ga wani riƙe da tike, ko idonsa a kan salula. Cacar wasanni ita ce mutum ya sa kuɗi a kan hasashen sakamakon wasa: in ya dace a biya shi, in ya kuskure kuɗinsa sun tafi. A Nijar mun daɗe da sanin cacar dawaki ta PMU a hannun LONANI, amma intanet ta kawo cacar ƙwallo har cikin aljihu, dare da rana.

Me ke sa mutum ya shiga?

Na farko neman kuɗi. Matashin da ba shi da aiki yana ganin da dala ashirin zai iya cin jika ɗari. Akwai mai yi don wasan ya ƙara armashi, akwai mai bin abokai don kar a bar shi baya a hira. Wani kuma ya yarda da saninsa na ƙwallo, yana ganin abin da yake yi ilimi ne. Sai wanda damuwa ta yi wa yawa, bashi ko rikicin gida, yana neman abin da zai mantar da shi. Masu yi don tsere wa damuwa ko don fita daga talauci su suka fi faɗawa cikin haɗari, domin asara ba ta tsayar da su, sai ma ta ƙara tura su.

Lissafin da ba a faɗa mana

Mu ɗauki wasan da ɓangarorin biyu ke da kote 1,90. Mutum biyu sun sa jika guda-guda, kowa da ɓangarensa. Kamfani ya karɓi sefa 2.000, ya biya wanda ya ci 1.900, ya riƙe 100, ko wa ya yi nasara. Shi ko kombine, in ka haɗa wasa 10 da kowane ke rabi da rabi, damarka ɗaya ce cikin 1.024. Shi ya sa ake yawan jin "wasa ɗaya ne ya ɓata mini tike". Wannan kusa-da-ci ɗin yana motsa ƙwaƙwalwa kusan kamar cin gaske, sai mutum ya koma gobe.

Yaushe ta zama ciwo?

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa jarabar caca cikin kundinta na cututtuka, a rukuni ɗaya da jarabar ƙwaya da giya. Alamominta uku ne: mutum ya kasa tsayawa ko rage yi, caca ta fi masa aiki da iyali muhimmanci, kuma ya ci gaba duk da ɓarnar da yake gani. Galibi likitoci na duba ko hakan ya kai wata 12. A gida kuwa, abin da muke fara lura da shi shi ne ƙarya a kan kuɗi, rance barkatai, sayar da salula ko babur na kabu-kabu, da biɗar ramuwa: a ƙara sa kuɗi don maido da waɗanda suka tafi.

Ina mafita?

Musulunci ya haramta caca a suratul Ma'ida, kowa ya sani. Amma wanda ta riga ta kama, gori da zagi sai su sa ya ƙara ɓoyewa. Abin da ke taimako shi ne ya faɗa wa wani da ya yarda da shi, ya ba shi ajiyar kuɗinsa, ya goge manhajar daga salula, ya ƙaurace wa wurin yankan tike. Iyali su daina biya masa bashin caca a ɓoye. In abin ya kai ga rashin barci ko tunanin halaka kai, mu kai shi likita ba tare da jinkiri ba.